Barmo da Irin Gyaɗar Baba Ishaya

Tun da gwiwa ta fara ba ni wahala na daina yawo, ni da na ƙarar da rabin rayuwata a kan hanya ina bin auduga daga wannan ƙasa zuwa waccan. Yanzu iyakar tafiyata daga ɗaki zuwa masallaci, daga masallaci zuwa falo, inda jikoki suka mallake talabijin. Ban cika kula da abin da suke kallo ba. Amma a hutun da ya wuce, jikata Ummi, wadda ke karatu a jami'a, ta zo da wani fim mai dogon zango na ƙasar waje. Ita da ƙannenta suka duƙufa a kansa, har abinci sai an kira su sau uku.

Wata la'asar na zauna tare da su don ƙafa ta huta. Mutumin da fim ɗin ke bi wani ɗan kasuwa ne mai tsabta, mai taushin murya, mai iya zance. A kashin da na tarar, wani mai gadi ya ga abin da bai kamata ya gani ba. Mutumin ya matso kusa da shi, ya tambayi lafiyar iyalinsa, ya dafa kafaɗarsa, sannan ya kashe shi. Ya gyara wuyan rigarsa, ya faɗi wata maganar barkwanci. Falon ya kaure da dariya da tafi.

“Amarya,” na ce wa Ummi, don haka nake kiranta tun tana rarrafe, “wannan ba shi ne mugun ba?”

“Shi ne jarumin, Alhaji tsoho. Kai dai ba za ka gane ba.”

Na gane. Abin da ya sa jikina ya mutu ke nan. Na gane tun kafin a haifi uwarta.

Ƙauyenmu yana tsakanin Bakori da Funtua, ƙasar auduga da dawa da masara. Gyaɗa ba ita ce babban noma ba, amma kusan kowane gida yana da 'yar gayaunarsa a jigawa. A lokacin da nake magana, wajen ƙarshen shekarun saba'in, ina ɗan shekara goma sha ɗaya, ba a daɗe da fita daga wata cuta da ta nannaɗe ganyen gyaɗa ta hana ta 'ya'ya ba. Iri ya yi wuya ƙwarai. Wanda ya tsira da rabin buhu yakan ɓoye shi kamar zinariya.

Irin gyaɗa ba a ɓare shi da turmi, don taɓarya tana fasa ƙwayar. Da hannu ake yi, ɗaya bayan ɗaya, kuma sai ruwa ya kusa, don in an ɓare da wuri yakan lalace. Aiki ne mai cin rai, yana sa babban yatsa ya yi kanta. Kakata, Iya Kande, ita ta samo wa unguwarmu dabara tun kafin a haife ni. In bazara ta yi nisa, hadari ya fara leƙowa daga gabas, maƙwabta sukan kawo irinsu tsakar gidanta, kowa da buhunsa da alamarsa. Bayan an ci tuwo an yi sallar isha'i, yara su taru a kan tabarmi, ta hura 'yar wuta da karan dawa. Ba don sanyi ba, don ana zafi kamar a cire fata. Don haske ne, da hayaƙin korar sauro. Ita ta ba da tatsuniya, mu mu ɓare gyaɗa. Ba a biyan kowa, ba a cin ko ƙwaya ɗaya. Wannan ita ce doka, kuma ba a taɓa jin wani ya ce irinsa ya ragu a gidan Iya ba.

Cikin masu kawo nasu akwai Baba Ishaya, wanda katanga ɗaya ce tsakaninmu da shi. Kirista ne, kakanninsa da namu a ƙasa ɗaya aka binne su. Mutum ne mai sanyin hali, in yana magana sai ka matsa kusa. 'Yarsa Saratu sa'ata ce, ita ce ta fi kowa saurin hannu a wurin ɓara.

Iya ba ta fara tatsuniya sai ta ga kowa ya ɗebi gyaɗa a gabansa. Sannan ta gyara zama ta ce, “To, ga wata nan tafe, ku ba ta wuri.”

Mu ce, “Ta shigo, tabarma da faɗi.”

Tana da tatsuniyoyi da yawa, na dabbobi, na marayu, na aljanun kogi. Amma mu guda ɗaya muke so. Da ta buɗe baki za mu fara, “Barmo, Iya! Barmo!”

“Kun ji 'yan nema. Jiya Barmo, shekaranjiya Barmo. Kai maigida,” ta juyo gare ni, “in dai haka kake son mugu, gara ka sake ni tun da sauran ƙarfina.”

“Na sake ki, ki ba mu Barmo.”

“Miji ba ko sisin cefane, sai bakin saki.”

Sai ta ba mu.

Barmo ɗan auta ne a gidan talaka, kowa na aikensa, kowa na dungure masa kai. Kuma yana da wata lalura: in ya ga wani yana kuka, sai ƙirjinsa ya yi ta ciwo. Ran nan ya gaji, ya tafi wurin wata tsohuwa mai ginin tukwane ya ce ta cire masa zuciya. Ta cire, ta sa a tulu, ta liƙe bakin da laka. Daga ranar Barmo ya sami sauƙi. Ya kwance jakin makaho ya ce masa kura ce ta ja, har ya zauna ya taya shi kuka, don Barmo yana iya zubar da hawaye duk lokacin da ya so. Ya shiga gaban hakimi bai cire takalmi ba, ya yi masa ƙaryar da ta sa hakimin ya ɗaure dogarinsa. Ya ci tuwon gidan biki ya bar wa ango laifin. Duk inda ya yi ɓarna, sai wani ya tare shi da waƙa. Iya ta yi tambayar, mu mu amsa a madadinsa:

“Barmo, Barmo, ina zuciyarka?”
“Tana tulu, na liƙe da laka!”
“Barmo, Barmo, ba ka jin kunya?”
“Kunya kaya ce, na sauke a hanya!”

Muna amsawa muna bugun ƙwarya, hannu yana gudu, ɓawo yana taruwa. Har Saratu, wadda aka san ta da natsuwa, takan ɗaga murya ta fi ta kowa.

Wurin da muka fi so shi ne na iri. Barmo ya ƙyalla ido a kan gonar wani maƙwabcinsa mai kyau a bakin rafi. Sai ya je da fara'a ya ce, kawo irinka in ajiye maka, rumbuna ba ɓera. Maƙwabcin ya yi godiya ya kawo. Barmo ya zuba yashi a kasko, ya ɗumama gyaɗar da ɓawonta, ba har ta gasu ta yi ƙamshi ba, daidai yadda ranta zai fita kawai. Ruwa ya sauka, maƙwabci ya shuka, ko ɗaya ba ta fito ba. Yunwa ta kore shi daga garin, Barmo ya gaje gona. Iya takan kwaikwayi tafiyar maƙwabcin, baki buɗe yana leƙen ramuka, mu yi ta birgima don dariya.

Na daɗe ina tambayar kaina me ya sa muke sonsa haka. Ba mugayen yara ba ne mu. Amma ka duba yadda yinin yaron ƙauye yake a wancan zamani. Tun asuba ana aikenka. Ka durƙusa ka gai da wannan, ka durƙusa ka gai da wancan. Ba ka kallon babba a ido, ba ka cewa ka ƙoshi, ba ka cewa ba ka ƙoshi ba. A makaranta bulala, a gona rana, a gida kunya. In aka zalunce ka, haƙuri za a ba ka. Sai dare ya yi, ga wani ɗan auta kamarka wanda ba ya tsoron kowa, ba ya jin nauyin kowa, kuma kullum shi ke da nasara. Na ɗan wannan lokacin kai ne shi. Ba jakin makaho muke so ba. Sauƙin nan muke so, na mutumin da ƙirjinsa ba ya ciwo.

A shekarar, rabin buhu Baba Ishaya ya kawo, shi ne duk abin da ya tsira da shi. Aka jingine shi a ɗakin Iya tare da na sauran mutane, ana jiran layinsa.

Wata rana mata duk suka tafi suna a wata unguwa, har da Iya. Mahaifinmu yana Funtua, wurin injin gurzar auduga, sai Juma'a yake zuwa. Gida ya rage daga ni sai yayana Sale, wanda ya girme ni da shekara biyu. Muna zaune a inuwa muna rera waƙar Barmo, sai Sale ya ce, “Kai Garba, kana jin da gaske ne? In an ɗumama ba ta fitowa?”

“Iya ta faɗa.”

“Iya tatsuniya ta faɗa. Mu gwada mana.”

Ba zan ɗora masa laifin shi kaɗai ba. Ni na ɗauko kaskon da Iya ke suyar gyaɗar ci, ni na ɗebo yashi. Da muka shiga ɗaki muka tsaya a gaban buhuna, ba mu ko yi shawara ba. Na Iya namu ne. Na Malam Liman muna tsoro. Na Baba Ishaya muka kwance, don shi ne maƙwabci, kuma shi ne wanda ba ya faɗa. Ba mu da wata ƙullalliya da shi. Ko a makon ya ba mu mangwaro.

Muka yi kasko ɗaya. Abin ya yi mana daɗi, muka ƙara, muka ƙara, har muka ci fiye da rabin abin da ke cikin buhun. Muka bar ta ta huce, muka mayar, muka gauraya, muka ɗaure bakin yadda muka same shi. Ina tuna yadda na ji a lokacin. Ban ji tsoro ba. Na ji kamar na ƙara tsawo.

Bayan kwana biyu aka zo kan buhunsa. A hasken wutar kara ba wanda ya ga bambanci. Saratu tana gefena tana ɓarar irin ubanta tana amsa waƙa, ni da Sale muna haɗa ido muna danne dariya.

Ruwan shuka ya sauka, kowa ya fita da sungumi. Bayan kwana goma gayaunar Iya ta yi kore shar, layi-layi. Ta Baba Ishaya kuwa nan tsiro ɗaya, can biyu, sauran duk jar ƙasa.

Da hantsi ya yi sallama ya shigo. Muna tsakar gida muna gyaran igiyar awaki. Ya durƙusa ya gai da Iya, ta tambayi mutanen gida, ya ce lafiya. Sannan ya kwance bakin rigarsa ya zuba wasu ruɓaɓɓun ƙwayoyi da ya tono daga rami, ya kuma ajiye wani ɗan ƙoƙo mai ragowar irin da bai shuka ba.

“Iya, ba ƙara na kawo ba. Na ga taki ta fito, na ce ko za ki gane mini abin da ya sami tawa. Ni dai zargina ɗaya. Uwar Saratu ta ajiye buhun kusa da murhu da damina ta wuce. Na yi mata magana, ta ce ba ta yi ba. Na faɗi abin da bai kamata in faɗa ba. Shekara ashirin ban taɓa ɗaga mata murya ba. Tun shekaranjiya ba ta ce mini uffan ba, ta ce in ruwa ya ɗauke za ta tafi wajen 'yan'uwanta a Malumfashi ta huta.”

Iya ta ɗauki ƙwaya ɗaya daga ƙoƙon, ta murza tsakanin yatsunta. Jar fatar ta sulluɓe. Ɗanyar gyaɗa ba ta yin haka. Ta kai baki ta ɗan ciza, ta daɗe tana taunawa. Ba ta kalle mu ba. Da ta kalle mu da ya fi sauƙi.

“Ishaya, je ka gida. Ka ce wa matarka Rifkatu in ji ni kada ta ɗaure kaya. Gobe da safe za ka ji daga gare ni.”

Yini guda ba ta ce mana komai ba. Ta ba mu abinci kamar kullum. Sale ya ja ni bayan rumbu ya ce in na buɗe baki sai ya fasa mini shi.

Bayan isha'i ta hura wutar kara, abin da ba ta yi ba tun da aka gama ɓara. Ba ta aika a kira yaran unguwa ba. Mu biyu kawai ta zaunar. Babu gyaɗa a gabanmu, na rasa inda zan sa hannuwana.

“Ga wata nan tafe,” in ji ta.

Ba wanda ya amsa.

“Ba ku ba ta wuri? To za ta shigo ko ba ku so. Sau nawa na ba ku labarin Barmo da iri?”

Sale ya ce, “Da yawa.”

“To wane ne sunan maƙwabcin?”

Na bincika kaina kaf, ban samu ba.

“Ba ku manta ba ne. Ban taɓa ba shi suna ba. Yau zan ba shi.”

Ta ce sunansa Ɗanlami. Ta ce yana da mata mai ɗingishi, da 'ya mai son ƙuli-ƙuli. Ba ta bi Barmo ba ko taki ɗaya. Ta zaunar da mu a cikin gidan Ɗanlami, muka ga yadda ya hana 'yarsa cin ko ƙwaya ɗaya duk rani, yana ce mata ta bari sai kaka. Muka bi shi gona da asuba rana ta biyar, rana ta shida, rana ta bakwai, yana durƙusawa yana tona rami da yatsa a hankali don kada ya karya tsiron da babu shi. Muka dawo da shi gida, muka ji abin da ya faɗa wa matarsa, muka ga fuskarta. Tafiyar nan da Iya ke kwaikwaya muna birgima, ita ce dai ta sake yi, baki buɗe, ana leƙen ramuka. Ba ta canza komai ba. Amma wannan karon ba daga kan katangar Barmo muke leƙe ba.

Ta yi masa waƙa shi ma, da wata murya da ban san tana da ita ba. Ba ta da amshi. Kafin ta kai ƙarshe na fashe da kuka na faɗi komai, kasko, yashi, har mangwaron. Sale ya daure na ɗan lokaci, sannan shi ma ya sunkuyar da kai.

Na zaci za ta ɗauko muciya. Ba ta ɗauko ba. Ta zauna tana tura karan da ya ci rabi cikin wuta, ta yi kama da wadda ta yi tafiyar yini.

“Laifinku naku ne, kuma gobe za ku ɗauke shi a ka,” ta ce. “Amma ni ma ina da nawa. Barmon da na gada a wurin kakata ba haka yake ba. Gajere ne, mummuna, kuma a ƙarshe tulun ya fashe. Sai na lura in na ba ku labarin mutumin kirki, kafin a cika ƙwarya ɗaya kun fara gyangyaɗi. Barmo kuwa yakan ɓare mini buhu guda a zama ɗaya. Shi ya sa kowace shekara nake ƙara masa gishiri. Na ƙara masa tsawo, na ƙara masa baki, na yi masa waƙa. Ƙarshen ma na daina kai ku, don ba ku so. Ni gyaɗata nake so a ɓare.”

Can ta ƙara da cewa, “Mai ba da labari shi ke shimfiɗa wa mutane tabarma. Inda ya shimfiɗa, nan za su zauna, daga nan za su ga duniya. Ni a ɗakin Barmo na yi ta shimfiɗa muku.”

A ƙuryar ɗakin Iya akwai wani tulu da ta liƙe bakinsa da laka. Irin ajiya ne, wanda ba a taɓawa sai in shuka ta mutu gaba ɗaya, shi ya fitar da ita daga shekarar cuta. Da safe ta fasa lakar da dutsen niƙa. Mu uku muka ɓare abin da ke ciki, ba tatsuniya, ba waƙa. Ta juye a ƙwarya biyu ta ɗora mana a ka, ta sa mu gaba.

Ba ta yarda mu faɗa wa Baba Ishaya shi kaɗai ba. Ta ce a kira Rifkatu, a kira Saratu. A tsakar gidansu, a durƙushe, muka maimaita abin da muka yi. Baba Ishaya ya saurara har ƙarshe, sannan ya tambaye mu da wannan muryar tasa da sai ka matsa kusa.

“Me na yi muku?”

“Ba komai, Baba.”

“To don me?”

Sale ya ce, “Wasa ne. Irin na Barmo.”

Ya gyaɗa kai kamar ya fahimta, amma na san bai fahimta ba. Ya juya wajen matarsa ya ce, “Rifkatu, na zalunce ki. Ki yafe mini.” Ita ba ta kalle shi ba, mu take kallo. Saratu kuwa ta tashi ta shige ɗaki.

Ya ce ya yafe, kuma na yarda da gaske yake. Mu muka cike masa ramukan, mu muka yi masa noman fari da maimai. Mahaifinmu ya zo ranar Juma'a ya yi mana abin da Iya ba ta yi ba. Rifkatu ba ta tafi Malumfashi ba. Amma shukar ta makara, abin da aka cire da kaka bai kai rabin abin da ya saba samu ba. Da bazara ta zagayo, maƙwabta suka kawo buhunansu kamar kullum, ban da ɗaya. Ta kan katanga muna jin ƙarar ɓawo, su uku suna ɓarar nasu shiru. Gaisuwa ba ta yanke ba, tuwon salla da na Kirsimeti ba su daina tsallake katanga ba. Amma irinsa bai sake kwana a gidanmu ba har Iya ta rasu, Saratu kuma ba ta sake zama a tabarmar nan ba. Na sha ganin Iya ta tsaya da tatsuniya a tsakiya tana sauraren ƙarar nan.

Ba ta sake ba da Barmo ba. Ɓara ta koma tana ɗaukar kusan ninki biyu na kwanakin da. Kuma in faɗi gaskiya, ba a yi wata guda ba na kama kaina ina rera waƙarsa a hanyar rafi.

Daga baya aikin auduga ya ɗauke ni. Na fara ganin abin a Funtua cikin shekarun tamanin, a gidan sinima, inda in bos ya fito, wato mugun fim, ihun da ake yi masa yakan fi na jarumi. Na zauna a Sudan na koyi Larabcinsu, na ga ma'aikatan gona sun cika shagon shayi suna yi wa wani ɗan fashi na talabijin kirari. Na gani a birnin Bobo da Faransanci, na gani a Indiya da harshen da ban iya ba, amma tafin bai buƙaci tafinta ba. Ko'ina waɗanda suka fi ɗaga murya su ne waɗanda suka yini ana aikensu: lebura, ɗan dako, ƙaramin akawu da maigidansa ya zage shi da rana. A Ingila wani likitan ƙwaƙwalwa da muka haɗu a jirgin ƙasa ya gaya mini sunan da suke kiran irin wannan mutum da ba ya tausayi, ba ya nadama. Na ce masa a garinmu mai zuciya a tulu muke cewa. Ya yi dariya ya rubuta a takarda.

Bambancin da na gani ɗaya ne. A da bos yakan sha ihunsa, amma a ƙarshe tulun yakan fashe. Yanzu an ba shi fim ɗin gaba ɗaya. Ana nuna maka ƙuruciyarsa, da wanda ya dungure masa kai, da dalilinsa na kowace ɓarna, kana jin abin da yake faɗa a ransa. Wanda ya kashe kuwa daƙiƙa biyu ake ba shi. Masu shirya abin ba mugaye ba ne, kamar yadda Iya ba muguwa ba ce. Suna da buhun da suke so a ɓare musu, kuma sun gano abin da ke hana mutane gyangyaɗi. Sai dai Iya tana ganin fuskokin masu saurarenta, katanga ɗaya ce tsakaninta da gonar da ta mutu. Su waɗannan ba wanda zai shigo musu da hantsi ya zuba ruɓaɓɓen iri a gabansu.

Ban ce duk wanda ya kalla zai ɗauko kasko ba. Yara fiye da goma ne a tabarmar Iya, biyu ne suka ɗauko. Amma dukanmu mun yi dariyar tafiyar maƙwabci, har da 'yar wanda abin zai faɗa wa.

A falon nan, da kashin ya ƙare, ƙaramin ƙanen Ummi ya miƙa hannu zai sa na gaba. Na ce ya dakata.

“Amarya, mai gadin nan da aka kashe, wane ne sunansa?”

Ummi ta kalli ƙannenta, suka kalle ta.

“Ba shi da suna, Alhaji. Mai gadi ne kawai.”

“Ai ya ce yana da iyali. Wa zai je ya gaya musu?”

“Kai tsoho, ka cika ɓata wa mutane kallo. In kishi kake yi da jarumina ka faɗa.”

Suka yi dariya, ni ma na yi. Amma na ga ta ɗauki abin canza tasha ta riƙe ba ta danna ba, tana kallon allon da ya yi baƙi. Ba ta daɗe ba, kamar numfashi uku. Sannan ta danna. Ni kuma ban tashi ba. Na ce gwiwa ce, amma ina so in ga ko za a kama shi, kuma can ƙasan raina ba na so a kama shi.

Shekara kusan hamsin ke nan. Waƙar Barmo tana bakina cif, ko daga barci aka tashe ni zan rera ta har da bugun ƙwarya. Waƙar Ɗanlami sau ɗaya Iya ta yi ta, kuma na bi ƙasashe da harsuna ina neman sauranta a kaina ban samu ba. Layi ɗaya ne ya rage mini: “Na shuka, na jira, ƙasa ta yi shiru.”